Ɗaukar Hoton Yara a Ɗakin Taro Mai Ƙarancin Haske: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Da zango na uku ya zo ƙarshe, wajen watan Yuli, makarantun Kaduna sukan cika da bikin yaye ɗalibai da rabon kyaututtuka. Islamiyyun Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi suna da tasu walimar sauka, majami'un Barnawa da Sabon Tasha kuma suna tara yara su yi waƙoƙin Kirsimeti a Disamba. Galibin waɗannan taruka a cikin ɗaki ake yin su, ƙarƙashin ƙwayayen fitila 'yan kaɗan, kuma nan ne hoto yake ba iyaye wahala. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi mini a matsayina na mai hoto da ke zuwa irin waɗannan wurare.

Wayata tana ɗaukar hoto tar a waje. Me ya sa a cikin ɗakin taro sai ya fito dishi-dishi?

Saboda hasken da ke ɗakin bai kai yadda idonku yake gaya muku ba. Ido yana sabawa da duhu cikin ɗan lokaci, har mutum ya ga kamar wurin da haske. Hasken rana a tsakar gida ya ninka na ɗakin taro sau ɗari, wani lokacin sau ɗaruruwa, kuma kyamara ba ta da hanyar ɓoye wannan giɓin.

Kamar tarar ruwan sama ne a lokacin yayyafi: ko dai a sa baho mai faɗin baki, ko a daɗe ana jira. Faɗin bakin shi ne ƙofar haske ta lens, wato gilashin gaban kyamara, wadda ake rubuta ta da f/1.8 ko f/5.6, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daɗewar ita ce shota, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗe ido. Akwai abu na uku, ISO, wanda yake ƙara wa ɗan hasken da aka samu ƙarfi. Idan kun bar kyamara ta zaɓa da kanta a wuri mai duhu, sau da yawa daɗewa take zaɓa, ta buɗe ido na 1/15 ko 1/30 na sakan. A cikin wannan ɗan lokacin yaro ya riga ya juya kai ko ya ɗaga hannu, shi ya sa fuskar take fitowa a goge.

Ku buɗe hoton da ya lalace ku duba shi da kyau, domin cutar iri uku ce. In komai ya goge, har bango da labule, hannunku ne ya girgiza. In bango ya fito ras amma yaron ne kawai ya goge, shota ce ta yi jinkiri. In kuwa makirfo ko allon da ke bayan yaron ne ya fito ras, to kyamarar ta kafa ido a wurin da ba shi ba. Kowace da maganinta, kuma wanda bai bambance su ba zai je ya sayi abin da ba ya buƙata.

To wane saurin shota ya kamata in sa?

Ya danganta da abin da yaron yake yi. Mai karatu a zaune ko mai jawabi a tsaye, 1/125 ya wadatar. Wasan kwaikwayo da waƙe inda ake tafi da rausaya, kada ku sauka ƙasa da 1/250. Rawar Koroso ko ta Fulani a ranar al'adu, inda ake tsalle da juyi, sai 1/500.

A kyamarar Nikon da Sony ku juya maɓallin zaɓin yanayin ɗauka zuwa S, a Canon kuma Tv, ku sa lambar da kanku, ku bar kyamarar ta nemo sauran. Wanda ya ɗan saba sai ya koma M, ya buɗe ƙofar haske har iyakarta, ya sa shotar da yake so, ya bar ISO a kan na-kai-da-kai. Ni haka nake aiki a kusan kowane ɗakin taro. Wayoyi da yawa ma suna da sashen da aka rubuta Pro, inda za ku ga harafin S da ISO.

An ce mini ISO mai yawa yana ɓata hoto. Gaskiya ne?

Yana sa hoto ya yi yashi-yashi, musamman a wuraren inuwa, wannan gaskiya ne. Amma wannan tsoron ya lalata hotunan yara fiye da yadda yashin ya taɓa lalatawa. Hoto mai yashi, ana ganin idon yarinya da murmushinta, kuma akwai manhajar da ke rage yashin daga baya. Fuskar da ta goge kuwa ta tafi ke nan. Da babu gara ba daɗi.

Lissafin mai sauƙi ne: duk lokacin da kuka ninka ISO, kun samu damar ninka saurin shota. In kuna kan ISO 800 da 1/60, tafiya 1600 za ta ba ku 1/125, tafiya 3200 ta ba ku 1/250, hasken hoton yana nan yadda yake. Kyamarori masu canjin lens na shekarun baya-bayan nan suna ɗaukar 3200 ba tare da damuwa ba, wasu har 6400. Kuma ku tuna inda hoton zai ƙare. Yawancinsa a fuskar waya za a kalle shi, ko a wanke shi ƙarami a sa a falo, inda ba wanda zai lura da yashin.

In kunna filasha?

A'a, in dai yaron yana kan dandamali ku kuna cikin kujeru. Hasken filasha yana raguwa da sauri ƙwarai: in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake isa. Na waya bai wuce taku biyu ko uku ba. Abin da zai haska shi ne hula da ɗankwalin waɗanda ke gabanku, kyamara kuma ta ga wannan farin ta ƙara duhunta dandamalin.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi a wurina. Yaron da ya yi makonni yana haddar surarsa ko layinsa na wasa, da ƙyar yake riƙe da natsuwarsa a gaban jama'a. Walƙiya ɗaya a ido tana iya sa ya rasa inda yake. Ku kashe filasha tun daga ƙofa, ku kashe ƙarar shota, ku rage hasken fuskar wayar. Filasha tana da ranarta bayan an tashi, lokacin hoton iyali a kusa.

A ina ya fi dacewa in zauna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani, kuma amsarta ba ta cin ko kwabo. Wanda ya zauna a layi na biyu da ƙaramar Itel zai fi wanda ke can baya da babbar waya samun hoto.

Ku je da wuri, kafin a cika. Layin gaba yawanci na manyan baƙi ne da iyayen taro, don haka ku nemi kujerar bakin hanya a layi na biyu ko na uku, inda za ku iya ɗan karkatawa ba tare da kan wani ya tare ku ba. Tun a gida ku tambayi yaron ta wane ɓangare zai tsaya, dama ko hagu, da kuma wanda zai fito kafin shi. Yara sun san wannan sarai, an yi ta maimaita musu.

Sai ku kalli inda haske yake shigowa. Ɗakunan taro da yawa a makarantunmu suna da tagogi a bayan dandamali ko a gefensa. In taga tana bayan yaron ku kuma kuna fuskantarta, inuwarsa kawai za ku ɗauka. Ku koma gefen da taga za ta kasance a bayanku ko a kafaɗarku, yadda haskenta zai faɗa kan fuskar yaron. In akwai labule a tagar baya, ku roƙi malamin da ke kula da tsari ya ja shi, tagogin gefe kuma a buɗe su. Ba na tsammanin akwai malamin da zai ƙi in an yi masa magana da ladabi kafin a fara, don shi ma yana son hotunan makarantarsa su yi kyau.

Manyan wurare irin ɗakin taro na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Dandalin Murtala matsalarsu daban ce, nisa ne. A irin wannan wuri ku tambayi masu shirya taro ko akwai lokacin da ake barin iyaye su matso. In sun yarda, ku je a sunkuye, ku durƙusa a gefe, ku ɗauka, ku dawo. Tsayuwa a tsakiyar hanya da waya a sama tana tare wa iyaye da yawa ganin nasu 'ya'yan.

In makarantar tana yin gwaji kwana ɗaya kafin biki, ku nemi izinin zuwa. Babu cunkoso, kuna iya matsowa yadda kuke so, wani lokacin ma da kayan wasan a jikinsu.

'Yata baƙa ce, kuma farin hijabi za su sa ranar sauka. A bara fuskar yayarta ba ta fito ba sam. Yaya zan yi?

Hajiya, wannan ita ce matsalar da ta fi damun hotunanmu, kuma ba laifin fatar yarinyar ba ne. Ma'aunin haske na kyamara yana duba duk abin da ke cikin hoton ne ya nemi tsaka-tsaki. Idan ya ga layin yara ashirin cikin fararen hijabai, ga farin bango a baya, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage. Hijaban su koma toka-toka, fuskokin kuma su nutse.

Maganin shi ne ki nuna wa kyamarar abin da kike so. A waya, ki ɗora yatsa a kan fuskar yarinyar. Alamar rana za ta fito a gefe, ki ja ta sama a hankali har sai kin ga farin idonta da ɗan ƙyallin da ke kan kuncinta da goshinta. Wannan ƙyallin shi ne alamar kin isa. In kin danne yatsan na ɗan lokaci, yawancin wayoyi suna kulle ma'aunin yadda ba zai canza ba ko wani ya gifta. A babbar kyamara akwai maɓalli mai alamar +/-, ki kai shi +1, ki ɗauka ki duba, ki ƙara ko ki rage.

Hijabin zai yi fari fat, wataƙila ɗinkin bakinsa ya ɓace. Ki bar shi ya ɓace. Fuskar ake nema. Haka ma yaro mai farar shadda da hula.

Akasin haka yana faruwa a inda aka sa baƙin labule a baya aka haska yaro shi kaɗai da fitila mai ƙarfi. A nan kyamara tana ganin duhu ya yi yawa, ta ƙara haske har goshin yaron ya ƙone. Sai a ja alamar ranar ƙasa, ko a kai maɓallin -1.

Kamfanin da ke yin Tecno da Infinix da Itel ya yi suna wajen daidaita kyamararsa da baƙar fata, kuma ana ganin amfanin hakan. Duk da haka bai ɗauke miki taɓa fuskar da yatsa ba.

Waya kawai gare ni. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai da yawa. Ku fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu su ne ke sa kowace fitila ta yi hazo a hoto, kuma mutane kaɗan ne ke tunawa.

Ku tsaya a kan babbar kyamarar wayar, wadda aka rubuta 1x. Ita ce mai ƙofar haske mafi faɗi, yawanci wajen f/1.8. Ta 0.5x ta fi ta rauni a duhu nesa ba kusa ba. Jawo hoto da yatsu biyu kuma yanka ne kawai da faɗaɗawa, ba ya ƙara komai. In wayar tana da kyamarar jawowa ta musamman, 2x ko 3x, ku gwada ta, amma kada ku wuce lambar da aka rubuta.

Sashen ɗaukar dare, wanda kowa yake gudu wurinsa, ba na wannan aikin ba ne. Yana ɗaukar hotuna da yawa ne cikin sakan biyu ko uku ya haɗe su, don haka yana son abin da ba ya motsi. Yana da kyau ga adon dandamali kafin yara su hau. Ga mai rawa kuwa, fuska biyu zai ba ku.

Ku riƙe wayar da hannu biyu, ku manne gwiwar hannu a haƙarƙari ko ku ɗora ta kan bayan kujerar gaba. Maɓallin ƙara murya yana ɗaukar hoto a yawancin wayoyi, kuma ya fi dangwalar fuskar waya rage girgiza. Ku ɗauki uku ko huɗu a jere duk lokacin da abu ya faru. A cikinsu akan samu guda wanda ido yake buɗe, hannu kuma ya tsaya.

Ina da kyamara da lens ɗin da ya zo da ita. Me zan ƙara saya?

Lens ɗin da ke zuwa da kyamara yawanci 18-55mm ne, f/3.5-5.6. Da kun jawo shi zuwa 55mm ƙofarsa ta tsuke zuwa f/5.6, daidai lokacin da kuka fi buƙatar haske. Lens na 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, kuma yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon da Sony. Inda kuke fama da 1/30, da shi za ku samu 1/250 a ISO ɗaya. Ba ya jawowa, ƙafarku ce za ta yi wannan aikin. In nisa ne matsalarku akwai 85mm f/1.8. Masu sana'a suna riƙe 70-200mm f/2.8, amma yana da tsada da nauyi, kuma ban ga dalilin da uba zai saye shi don biki biyu a shekara ba.

In na hannu za ku saya, ku je da kyamararku ku ɗaura shi a gaban mai shago, ku haska cikinsa da tocilan ku duba ƙura da fumfuna.

Abu ɗaya game da f/1.8: wurin da yake fitowa ras siriri ne. Ku sa kyamarar ta kafa ido a kan idon yaron, ku sa AF-C a Nikon da Sony ko AI Servo a Canon don ya riƙa bin yaron. Hoton rukuni mai layi biyu ko uku kuma sai kun koma f/4.

Me ke kawo ratsi-ratsi masu duhu a bidiyo, ko hoto ɗaya ya yi haske na gaba ya yi duhu?

Wutar lantarkin Najeriya tana kan zagaye 50 a sakan, don haka dogayen ƙwayaye da wasu ƙananan LED masu araha suna ƙiftawa sau 100 a sakan. Ido ba ya gani, kyamara tana gani. A bidiyo ku zaɓi hoto 25 ko 50 a sakan maimakon 30 ko 60, shota kuma 1/50 ko 1/100. Wasu wayoyin suna da wurin zaɓar 50Hz a saituna. A hoto tsayayye, 1/100 tana kawar da matsalar amma ta yi wa mai rawa jinkiri, don haka a nan ɗauka da yawa a zaɓa shi ne mafita. In janareta ake amfani da shi, gudunsa yana hawa da sauka, ratsin kan dawo ko da kun saita komai daidai.

Launin fuskar ya koma kore ko shuɗi.

Fitilu ne iri-iri suka haɗu, ga na taga, ga farin ƙwai, ga mai ruwan ɗorawa. Ku ɗauki hoton a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in na'urar tana da shi, gyaran launi a manhajar Lightroom ko Snapseed zai zo da sauƙi. Masu ado suna son fitilu masu canza launi, ja da shuɗi da shunayya. Ku jira zagayen ya dawo kan fari. In launin ya ƙi gyaruwa, ku mai da hoton baƙi da fari, sau da yawa ma ya fi kyau a haka.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa fa?

Ku sauke kyamara ku jira a tayar da janareta. Kada ku haska fuskar yara da tocilan waya. Abin da ke hannunku shi ne shiri tun daga gida: cikakken caji, fawa-bank, baturi na biyu, da wuri a memori. Ku share tsofaffin bidiyoyi tun daren jiya, ba lokacin da aka kira sunan yaro ba.

Yaushe ne daidai lokacin dannawa?

Kowane motsi yana da inda yake tsayawa na ƙiftawar ido, kuma nan ake farautar hoto a duhu. Ku lura da yarinya mai karatu. Tana cikin aya baki yana motsi, kai yana rausaya, duk abin da kuka ɗauka a lokacin zai fito da baki a karkace. Da ta kai ƙarshen aya sai ta tsaya ta ja numfashi, ta ɗago ido ta dubi malaminta. Wannan tsayawar ko 1/60 tana kama ta. Mai waƙe yana tsayawa a dogon sauti, mai tsalle yana tsayawa a can ƙololuwa kafin ya sauko, mai karɓar kyauta yana tsayawa lokacin da hannunsa da na babban baƙo suka haɗu a kan kwalin.

Shi ya sa sanin wasan yake da amfani. Kun ji yaron yana maimaita shi a gida har kun haddace, kun fi kowane ɗan haya sanin inda zai ɗaga hannu. Kuma kada ku tsaya ga dandamali kawai. Layin jira a gefe, inda malama take gyara masa hula, da saukowarsa yana neman ku da ido a cikin jama'a, yawanci kusa da ƙofa suke, inda haske ya fi yawa.

Bidiyo ko hoto?

Karatu da waƙa da jawabi, murya ce ransu, bidiyo ya fi. In ku biyu ne ku raba aikin, ɗaya bidiyo ɗaya hoto. Mai bidiyo ya kwantar da wayar, ya fara kafin a kira suna, ya guji zama dab da lasifika don sautin yana fashewa. In ku kaɗai ne, ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kansa. Ina kuma ba da shawarar a ɗauki minti na farko da na ƙarshe, a tsakiya a sauke waya, domin yaron fuskarku yake nema daga can sama.

Zan iya sa hoton a Facebook ko TikTok alhali akwai 'ya'yan wasu a ciki?

Ku tambayi iyayensu tukuna. Akwai gidajen da ba sa son hoton 'ya'yansu mata a intanet ko kaɗan, kuma haƙƙinsu ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi irin makarantu neman amincewar iyaye kafin amfani da bayanan yara, don haka in makaranta ta ce ba a ɗauka ko ba a yaɗawa, ku bi. Ko hoton ɗanku ne shi kaɗai, ku duba abin da ke cikinsa. Bajen makaranta a ƙirji, allon da ke ɗauke da sunanta, da cikakken sunan yaro a rubutun ƙasa, sun isa su gaya wa baƙo inda zai same shi kowace safiya. A garin da ya san zafin satar yara ba na ɗaukar wannan da wasa. Ku yanke bajen, ku tura wa dangi kai tsaye.

Na tura wa kakarsa ta WhatsApp, hoton ya rage kyau.

WhatsApp yana matse hoto don ya rage data, kuma hoton duhu ya fi jin jiki. Ku danna HD kafin turawa, ko ku tura shi a matsayin fayil. Wanda za ku kai wa mai wanki kuma ku ba shi na asali daga wayar da ta ɗauka, ba wanda ya zagaya ta rukunin iyaye ba.

In na ɗauki mai hoto haya, me zan tambaye shi?

Ku ce ya nuna muku hotunan da ya ɗauka a cikin ɗakin taro, na yara suna motsi, ba na ɗaurin aure a waje ba. Ku tambaye shi ko zai iya aiki ba filasha, da wane lens zai zo. In ya ambaci f/1.8 ko f/2.8 kun samu mutum. Ku nuna masa yaron kafin a fara, ku gaya masa lokacin fitowarsa, ku sanar da makaranta cewa da shi kuka zo, don wasu suna da nasu mai hoton kuma ba sa barin na waje ya matsa gaba. Ku yi ciniki a kan a ba ku hotunan na asali a memori ko filashi, ba waɗanda aka wanke kaɗai ba, kuma ku ƙayyade ranar karɓa tun kafin ku ba da kuɗin kafin alƙalami.